Baƙin da Baba Ya Saukar a Burauza

Babana bai iya korar baƙo ba, kuma wannan halin ne ya kusa kashe kwamfutar da ƙanina ya aiko masa daga Turai.

Gidanmu na Moshi Zongo gidan sauka ne tun zamanin kakana. Fataken shanu daga Burkina, masu albasa daga Nijar, masu wucewa kudu neman goro, duk wanda mota ta ajiye shi a Tamale bai san kowa ba, gidanmu ake kwatanta masa. Baba ne mai masauki. Shi zai ba ka ɗaki, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta tashi a kara, wato kasuwar shanu, in ciwo ya kama ka kuma ya goya ka a keke zuwa asibiti. Na tashi ban san yawan mutanen gidanmu ba. Da safe sai na tsallake ƙafafun mutane kafin in kai bakin randa. Akwai wani mutumin Mali da ya zo sayar da raguna da niyyar kwana biyu. Na shiga firamare yana nan, na gama yana nan, kuma ban taɓa jin Baba ya tambaye shi ranar komawa ba. Mma, wato mahaifiyarmu, ita ce mai tambayar, amma tukunya take yi wa tambayar tana tuƙa tuwo, da ƙarfi yadda za a ji daga zaure.

Wannan zamani ya wuce. Yanzu manyan motoci ke kwasar shanu su zarce kudu ba tare da sun sha ruwan Tamale ba, ciniki kuma a waya ake gama shi. Ɗakunanmu aka zuba 'yan haya a wasu, wasu suka zama ma'ajiyar masara. Ɗaki ɗaya ne kawai, na gindin darbejiya, Baba ya hana a ba kowa, wai yoyo yake yi. Ni dai ban taɓa ganin ɗigon ruwa a ciki ba, amma an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗakin ƙanina ne. Shi ne kuma mutum ɗaya tak da Baba ya taɓa nuna wa ƙofa. Lokacin da zazzaɓin bin sahara ya shiga samarin unguwarmu, shi ma ya kamu. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa shi da malamai, daga ƙarshe ya ce masa in ya fita da wannan niyya, kada ya sake tako ƙofar gidan. Yaro ya fita. Allah ya tsare, ya tsallake yashi, ya tsallake ruwa, ya samu aiki a Italiya, har ya auri wata 'yar zangon Kumasi a can. Amma tun daga ranar uba da ɗa ba su sake jin muryar juna ba. Ni suka mayar ɗan aike. Ƙanina ya kira ni ya ce in gaya wa tsoho ya rage cin goro. In hau babur tun daga Vittin, inda nake aure nake kuma koyarwa, in kai saƙo. Baba ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya riƙe salla. Kowannensu yana son ɗan'uwansa, kowannensu kansa ya fi dutse tauri. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba, ɗan wanda ya ba ni ma yaran aji sun cinye.

Wata shekara wani abokin ƙanina da ya zo hutu ya kawo kwamfutar, irin ta ɗorawa a cinya, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta iso mu. Wai don Baba ya riƙa sauraron tafsiri. Duk mun san ba don tafsiri ba ne, domin rediyon Baba lafiyarsa ƙalau. Baba ya ce ba ya so, ya tura ta ƙarƙashin gado. Ba a daɗe ba ya tare ni a zaure, yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Uwata, abin nan yana kama Kano?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. In na ɓata masa rai kuwa, Malama nake komawa.

Na nuna masa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Na nuna masa yadda ake buɗe shafi, da yadda ake buɗe wani a gefensa ba tare da an bar na farko ba, su jeru a sama kowanne da ɗan kansa. Tsohon da ya yi shekaru yana riƙe fuskokin fatake da kamannin bijimansu a ka, wannan bai ba shi wuya ba. Bokon da ya yi kaɗan ne amma ya isa, abin da ya gagara kuma ya faɗa da baki kwamfuta ta rubuta. Kafin a ce me, ya saukar da tafsirin Kano, da kokawar Nijar, da wani gidan rediyo na Wagadugu, da hasashen ruwan sama na Bawku, inda ba shi da ko kuyya ɗaya ta gona, da maganin ciwon gwiwa iri-iri, da wani mutum da ke koyar da auren mangwaro, wato haɗa reshen wani iri a jikin wani, da taswirar hanyar Salaga, wadda ya sani tun ba a zuba mata kwalta ba, don kawai ya ga ko sun zana daidai.

Sai na nuna masa 'yar alamar giciye da ke jikin kowane shafi, na ce in ya gama da shafi ya danna nan ya rufe shi. Na danna na mai mangwaro don misali, ya ɓace.

"Ina ya tafi?" in ji Baba.

Na ce ya tafi kawai, in yana son sa ya sake nemo shi.

"Me ya yi miki?"

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Ba wasa yake ba. Sai da na dawo masa da mai mangwaro kafin ya amsa sallamata ta tafiya. A wurinsa, wanda ka kira ya zo, ya ba ka abin da yake da shi, ba a ce masa tashi don an gama da shi. Shi zai gaji ya tafi don kansa. Na ce Baba, shafi ba ya gajiya. Ya ce to ai shi ke nan.

Haka baƙi suka yi ta sauka babu mai tashi. Kawunan shafukan suka matse har sunayensu suka ɓace, suka koma sirara kamar haƙoran mataji. Shi kuwa ya san mazaunin kowa yadda ya san ɗakunan gidansa. Ya kai yatsa ya ce kokawa tana nan bayan gwiwa, ka danna ka tarar ita ce. Na taɓa fakar idonsa yana masallaci na rufe ɗaya daga cikin masu maganin gwiwa, wanda na san ko sau biyu bai duba ba. Yana dawowa ya ce ina mai citta da zuma? Ba ya kuma kashe kwamfutar, murfin kawai yake saukewa, wai ya ja musu ƙofa. In an ɗauke wuta batir ya mutu, da an kunna sai su dawo rututu, domin haka aka saita ta tun daga can. Baba ya ce ka ga baƙin kirki, ba sa manta masauki.

Kwamfutar ce ta fara kuka. Fankarta ta riƙa gurnani kamar yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya ɗauko buhunan doya. Ƙasanta ya yi zafi har kyanwar gidan ta mayar da gefenta wurin kwana. Ka danna abu, ka je ka yi alwala, ka dawo, sannan ya buɗe. Wani malamin makaranta ɗan kudu da ke haya a gidanmu ya leƙo wata rana ya ce, "Papa, mashin naka ya gaji, kai shi asibiti." Baba ya ce ba gajiya ba ce, tsoho da tsohuwa ne suka haɗu, kowa na tafiya a hankali.

Ana haka sai ƙanina ya kira ni. "Sista, madam ya sauka lafiya, namiji." Bayan murna ya shiga zagaye-zagaye, ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya tambayi har babur, sannan ya ce, "Ki tambayi tsoho ko zai yi ma yaron addu'a ranar suna. Ta bidiyo, a laftop ɗin. In ya ce no, ba wahala." Muryarsa kuwa ta nuna akwai wahala, babba ma. Na kai saƙo. Baba ya daɗe yana ɓare goro, sannan ya ce in gaya wa ɗan'uwana jariri bai yi masa laifin komai ba. A yaren gidanmu wannan amincewa ce, har da guɗa.

Na ce mu yi a wayata mu huta. Ya ce idonsa ba na da ba ne, kuma ba zai fara ganin jikansa a abu kamar kwalin ashana ba, mai tsagaggen gilashi ma. A kwamfutar da aka aiko don haka za a yi. Ashe ya san don me aka aiko ta. Maigidana ya ba da shawarar a kai ta wurin masu gyara a kasuwa ko za su ƙara mata ƙarfi, Baba ya ce ba a ɗaukar gida da baƙi a ciki a kai kasuwa.

To ga suna saura 'yan kwanaki, ga kwamfutar da ko hoto ba ta buɗewa sai ta yi nishi. In ranar ta zo ta daskare a tsakiyar addu'a, na san mutanena: wannan zai ce wancan ne ya kashe, wancan ya ce wannan ne, mu koma gidan jiya, wataƙila har abada, domin Baba ba yaro ba ne. Tsoro ya kama ni sosai.

Na zaunar da shi na yi masa darasi irin na aji. Na ce kowace kwamfuta tana da abin da ake kira memori, wato wurin da take riƙe abin da take aiki da shi yanzu-yanzu. Ba rumbu ba ne, akushi ne, kuma na wannan tsohuwar ƙarami ne. Kowane shafi da ke buɗe hannunsa na cikin akushin, ko kana kallonsa ko ba ka kallo. Burauza kuwa ba ta da kunya, in ba a tsawata mata ba sai ta cinye duka ta lashe. Saboda haka magani ɗaya ne, a rufe su.

Ya ce a'a. Na ce rabi. Ya ce wane rabin, kuma wa zai gaya musu? Na ce Baba, hotuna ne da rubutu, ba su da rai, ba su ma san kana yi ba. Ya ce ai shi ya sani. Ba wai ban gane ba. Na san zauren nan da a da ba a samun wurin aje ƙafa, yanzu daga shi sai kyanwa, kuma na ga yadda fuskarsa ke sakewa in ya ɗaga murfin ya tarar da jama'arsa a jere. Amma ganewa daban, haƙuri daban. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce saboda 'yan kokawa zai rasa ganin jikansa. Ya sauke murfin kwamfutar a hankali ya ce, "Malama, an gode da karatu."

Na wuce madafa ina huci. Mma tana tsinkar ayoyo na miya, ta ji komai, domin kunnenta bai tsufa ba. Ba ta ko ɗago ba ta ce tun tana amarya take ciyar da baƙin mutumin nan, ko na taɓa jin ta tsaya gabansa ta ce ya kori wani?

"Shi da ƙofa, ni da ludayi," ta ce. "Mai barci ba a zuba masa. In ya tashi a ɗumama."

Sai na tuna gaskiya ne. Ina yarinya ni ke kai kwanuka, kuma kafin a zuba sai Mma ta aike ni in leƙo wa ke zaune, wa ya miƙe. Na kuma tuna cewa a kwamfutocin makarantarmu na taɓa ganin irin wannan ludayin a cikin saitin burauza: wani ɗan ma'auni da ake ja, a ce mata ga iyakar memorin da za ki ci, kada ki wuce; da wani makunni da ke sa duk shafin da aka daɗe ba a leƙa ba ya yi barci, ya cire hannu daga akushi, amma kansa yana nan a jere, da an taɓa shi ya farka. Ban taɓa kula shi ba, domin ni mai rufe shafi ce tun kafin in gama karanta shi.

Na koma zaure da sallama, kamar ba ni ba. Na ce babu wanda zai tafi, barci kawai za su yi, in ya ƙwanƙwasa su tashi. Ya yi mini tambayoyi kamar alƙali: ko za su rasa ɗakunansu, ko za su tashi da abin da suka kwanta da shi, ko ita burauzar za ta ji haushin an yanka mata rabo. Na ce ɗakunansu na nan, kayansu kuma za su sake ɗauko su daga intanet in sun farka, burauza kuwa ta ji haushin, ai ta daɗe tana ci. Sai ya ce barci ba wulaƙanci ba ne. Ya tambayi inda na samo wannan dabara, na ce a madafar gidansa. Ya juya wajen ƙofar ciki ya ce, "Ashe haka kike yi wa mutanena?" Daga can Mma ta amsa cewa da yana tsammani buhun masara haihuwa yake yi?

Na shiga saiti na ja ma'aunin nan ƙasa sosai, da sauran fushina a hannu, na zaɓi barci mafi sauri. Kafin mu gama shan ruwa kawunan shafukan suka fara dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Fanka ta yi shiru. Kyanwa ta ɗago ta dube mu, ta tashi ta koma gindin murhu. Baba ya taɓa mai mangwaro, ya ɗan yi jim, sai ga shi ya dawo yana yanka reshe. Abin ya yi masa daɗi har ya bi su yana tashin su ɗaya-ɗaya don gwaji, sai da na riƙe masa hannu.

Ƙanina ya ce zai kira ranar Alhamis bayan la'asar, wai a gwada layi kafin suna. Gwajin layi a baki ne, kowa ya san gaisuwar farko ce. Da safe na biya na buɗe shafin kiran, na bar shi a jerin sauran, na ce wa Baba in ya ji ƙara ya danna koren maɓalli. Ina da taron malamai a makaranta, kuma a raina na ga gara ma ba na nan, su yi tasu su biyu.

Mma ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Tun azahar Baba ya yi wanka, ya sa batakarinsa na Salla, rigar saƙin nan mai nauyi, ya zauna gaban kwamfuta cikin zafi. Zaman jira ya ishe shi, ya leƙa ruwan Bawku, ya leƙa kokawa, ya kunna rediyon Wagadugu ƙasa-ƙasa. La'asar ta yi, ya yi salla a nan zaure bai je masallaci ba, don kada a kira ba ya nan. Rana ta yi sanyi. Babu abin da ya yi ƙara.

Ina fitowa daga taro na tarar da saƙon murya a wayata. "Sista, na kira, na kira, na kira. Bai ɗauka ba. Is okay, a bar shi kawai. Liman na nan, zai yi addu'a." Ban san yadda na ratsa gari da babur ba, na dai san wani mai yalo-yalo ya zage ni da Dagbanci, na rama da Hausa.

Na tarar Baba ya cire batakarin, ya ninke shi a kan gwiwa, yana zaune da 'yar shara. Kafin in yi magana ya ce ai ya sani, aikin Turai ba ya barin mutum, in gaya wa ɗan'uwana ba komai. Yana faɗa yana murmushi, kuma tun da nake ban taɓa jin tausayin ubana kamar wannan lokacin ba.

Na jawo kwamfutar. Ga shafin kiran can a jere, ya dusashe kamar sauran. Na taɓa shi ya farka, sai ga kiran da aka rasa, jajaye, wani kan wani. Na juya masa ya gani. Na ce ya kira, Baba, ya yi ta kira. Shafin ne ya yi barci, mai barci kuwa ba ya jin sallama.

"Kin sa shi cikin baƙi?"

Na ce burauza ba ta san ɗan gida ba. Ita dai duk wanda aka daɗe ba a leƙa shi ba, kwantar da shi take yi. Maganar ta fita kafin in ji nauyinta. Baba ya daɗe yana duban jajayen nan, yana shafa ninkin rigar.

"Babu inda ake gaya mata 'yan gida?"

Akwai. A ƙasan ma'aunin akwai wani gurbi da ake saka shafin da ba a so ya taɓa barci, na gan shi ranar farko na wuce shi da sauri. Na saka shafin kiran a ciki. Ya ce in sake dubawa ko ya shiga. Na duba.

Saura ƙanina. Na kira shi a wayata na yi masa bayanin memori da barci. Ya saurara, sannan ya ce ai Sista ta iya gyara magana, ya daɗe da sanin ba yadda tsoho ke faɗa nake kawo masa ba. Yana da gaskiya, amma yau ce ranar da ban gyara komai ba, ita ce kuma ya ƙi yarda. Na kashe wayar na ce wa Baba ni na gaji, ɗan aike ya yi murabus. Ga maɓalli nan kore, duk mai son magana ya danna.

Na zaci zai ce mini Malama. Sai ya warware batakarin ya mayar, ya gyara hula, ya kai yatsa ya danna.

Ya yi ta ƙara har na fitar da rai, sai aka ɗauka. Amma abin da ya fito ba fuska ba ce, wasu dunƙule-dunƙule ne masu launin mutum, suna motsi suna tsayawa, murya kuma tana zuwa guntu-guntu. Fanka ta soma gurnaninta. Na duba sama na gane. Rediyon Wagadugu na ta magana ƙasa-ƙasa, 'yan kokawa na ta kokawa, kuma burauza ba ta kwantar da mai magana. Ga waɗanda Baba ya tasa yana zaman jira, wasu har yanzu idonsu biyu. Ɗan rabon da na yanka mata su suka cinye, kiran bidiyo kuwa ci gare shi. Na ce bari in ƙara ma'aunin, ko da yake na san akushin gaba ɗaya bai fi haka da yawa ba.

Baba ya ture hannuna. Ya kai 'yar kibiyar kwamfutar kan rediyon Wagadugu, kan 'yar alamar da ya ƙi taɓawa tun ranar mai mangwaro.

"Malam, a yi haƙuri, gidan ya yi mana kaɗan yau. Sauka lafiya."

Ya danna. Ya sallami 'yan kokawa, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Ya sallami malamin Kano tare da neman gafara. Ruwan Bawku, masu gwiwa, hanyar Salaga, masu barci da masu ido biyu, kowa da tasa sallamar, tun yana yi a hankali har hannu ya saba. Mma ta zo bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce yau ta ga abin da tun tana amarya take roƙon Allah ya nuna mata. Ni ina dariya, ina kuma tsoron kada na can ya gaji ya kashe. Bai kashe ba. Daga baya ya ce mini yana jin muryar tsoho tsinke-tsinke, ya rasa wa yake ta yi wa ban kwana haka.

Mai mangwaro ne na ƙarshe. Da ya tafi, shafi ɗaya ya rage a sama, ya baje har sunansa ya fito. Fanka ta yi shiru. Sai ga ƙanina tar, da gemu, da furfura ɗaya-ɗaya a ciki wadda ba wanda ya gaya mini ya yi, da ɗan abu naɗe cikin tawul a kafaɗarsa.

Suka tsaya kallon juna. Ƙanina ya gaida shi, ya ɗan rusuna ko da yake a zaune yake, Baba ya amsa. Aka nuna jariri, Baba ya matso har hularsa ta taɓa gilashin, ya ce kunnuwan na gidanmu ne, Allah ya raya. Daga nan magana ta ƙare musu. Baba ya juyo gare ni bisa sabo.

"Uwata, ki gaya wa ɗan'uwanki..."

"Ga shi nan a gabanka," na ce. Na tashi, na ja hannun Mma muka yi ciki. Ba mu yi nisa ba, a bayan ƙyaure muka tsaya, ni da ita da ludayi.

Muka kasa kunne. Sannan muka ji Baba ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi a da in zai raba gardama tsakanin fatake.

"Ɗakinka yana nan," ya ce. "Ban saukar da kowa a ciki ba."

Mma ta sa bakin zanenta ta share ido, ta raɗa mini cewa ashe yoyon ya tsaya.